Neman Cikon Sha Biyu

To, tun da kun ƙi bari in yi ɗinkina lafiya, ku matso. Kasuwa uku ke nan duk wanda ya leƙo rumfar nan, maimakon ya taya takalmi sai ya ce, "Garba Baduku, wai me ka gano a Tsafe?" Sau ɗaya zan faɗa, wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi. Kuma kada wanda ya yi mini dariya sai na kai ƙarshe.

Ku mutanen Bunguɗu ba ku san abin da ake kira ƙarancin mutane ba. Garinmu can ƙetaren gulbi tsohon birni ne, ganuwarsa ƙofa huɗu gare ta. Da aka daina yaƙi, mutane suka fice suka kafa tungaye can nesa kusa da gonakinsu. Yunwa ta zo ta ɗebi nata, murar nan da ta zagaya ƙasa ta ɗebi nata. Sai kuma aikin hanyar jirgin ƙasa ya zo ya kwashe majiya ƙarfi. Da mun ɗauka cin rani ne, da ruwan shuka ya sauka za su dawo. Ruwa ya sauka bara, ya sauka bana, ba mu ga kowa ba. Yanzu dawa muke shukawa inda da gidaje ne.

Babana shi ne limamin Juma'a na garin, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Kun dai san hukuncin: Juma'a ba ta tsayuwa sai da maza sha biyu ban da liman, kuma mazauna garin, ba matafiya ba. Baba ba ya wasa da wannan. Ko Fulani ashirin suka yada zango a bayan gari suka shigo masallaci, sallarsu ta yi, amma ba ya lissafa su. Mu kuwa mun ragu mun ragu har mun zama sha biyu cif, da ni a ciki, da Tsoho Jatau wanda a kan gadon kara muke ɗauko shi mu jingina shi da bango.

Ran wata Juma'a Jatau ya yi tari tun daga huɗuba har sallama. Da aka watse Baba ya kira ni zaure.

"Garba, ka ji tarin wanga bawan Allah?"

"Na ji, Baba."

"In ya faɗi, Juma'a ta faɗi a hannuna. Ka tafi ka zo mini da ƙanenka Isa. In ba ka same shi ba, ka zo da ko wane ne daga cikin mutanenmu, amma wanda zai zauna. Ka kuma tuna kai ma cikin lissafi kake. Juma'a ta same ka a nan."

Kun ji nauyin da aka ɗora mini. Kwana shida, in je in nemo mutum, in kuma dawo da kaina.

Asabar da sassafe na ɗaura wa jakina mangala na fito. Gulbi a lokacin iya gwiwa ne, na ƙetare ban ko naɗe wando sosai ba. Na ratsa ta nan kasuwa, wasunku sun gan ni, na kama hanyar Gusau. Shekara biyar rabona da garin. Da la'asar na iso, na tsaya na ce ko ɓatan hanya na yi. Inda na sani da gonar auduga, bukkoki ne da rumfunan zana sun fantsama har iyakar ganina, wai shi ne Sabon Gari. Mutane kuwa kamar ana zubo su daga buhu. Nufawa, Yarabawa, Buzaye da rawaninsu, Zabarmawa, da wasu daga can kudu da ban taɓa jin irin harshensu ba. Na ce a raina, ashe ba ƙarewa mutane suka yi ba, wuri ɗaya suka taru suka bar mu.

Na sauka gidan Audu Majemi, mutumin garinmu ne, yanzu fata yake saye wa wani Balaraben Sham. Zauren da ya ba ni mu tara muka kwana ciki, ga kuɗin cizo kamar su aka gina wa gidan. Da safe ya kai ni wurin wata Bayarabiya mai abinci. Ta ɗebo wani abu fari mai tsami-tsami, wai teba, da miya ja wur ta manja. Na ɗauka tuwo ne bai dahu ba, na ce a mayar kan wuta, aka yi ta yi mini dariya. Loma ɗaya na kai, barkono ya hau mini kai, hawaye da majina suka haɗu. Ina cikin wannan hali sai ga wani ƙato mai gemu ya zo gaban wani dattijo ya zube ƙasa rub da ciki. Na ce inna lillahi, farfaɗiya! Na suri butar matar na kwara masa ruwa a ƙeya. Ashe gaisuwa ce, haka Yarabawa suke gaida iyayensu, mu da muke ganin durƙusonmu ya kai matuƙa. Da ƙyar Audu ya raba ni da mutumin.

Ranar Lahadin nan duk na ƙarar da ita wajen bin mutanen garinmu. Biyar na samu. Wannan ya ce ya yi shuka a nan, wancan ya ce matarsa ta kusa haihuwa, wani ya ce in dawo bayan kaka. Daga ƙarshe suka taru a zauren Audu, shi ya yi magana a madadinsu.

"Garba, abin ai mai sauƙi ne. Duk Juma'a biyu daga cikinmu za su riƙa zuwa su cika muku sahu, su dawo."

Na ce, "Ba za ta yi ba. Baba ya ce mai zuwa ya koma baƙo ne."

Audu ya miƙe tsaye. "Ni ne baƙo? A garin da aka binne cibiyata?"

"Ina iyalinka suke kwana?"

Ya koma ya zauna. Ni ma sai na ji ba daɗi, don na ga maganar ta soke shi, kuma ba ta ƙara mini mutum ko ɗaya ba.

Balaraben nan yana daga ƙofa yana duba fatu, ashe yana jinmu. Da gurguwar Hausarsa ya ce mini garinsu a kan dutse yake, kuma yanzu ba kowa ciki sai tsofaffin mata da awaki. 'Yan'uwansa wasu suna nan ƙasar baƙar fata, wasu sun hau jirgin ruwa wata guda cur zuwa wata ƙasa da ya faɗi sunanta ban riƙe ba. Ya ce ko'ina a duniya haka ake ciki, ƙauye yana zubewa cikin birni. Shi a ganinsa lallashina yake. Ni kuwa ƙara tsorata ni ya yi, don na zaci ciwon namu ne mu kaɗai, mai magani. Audu dai ya gaya mini Isa yana sansanin masu aikin hanya kusa da Tsafe.

Litinin na kama hanya, na kwana gindin dutsen Kwatarkwashi a gidan wata tsohuwa mai fura. Ta dama mini da nono mai kyau, ta ƙi karɓar komai, ta ce in dai na ga ɗanta Bawa a wurin aikin in ce masa rufin ɗakinta yana yoyo. Ban gan shi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Talata da hantsi na hango sansanin. An tara ƙasa ta yi tudu dogo miƙe sambal, mutane suna hawa suna sauka da kwanduna a ka kamar tururuwa. Akwai igiya da aka gitta a hanya, nan ne iyakarsu. Ina ɗaure jaki sai wani heluma, wato shugaban 'yan lebura, ya damƙi hannuna.

"Yauwa! Ina ka shiga tun safe?"

"Malam, ni baƙo ne, ƙanena nake nema."

"Ka neme shi da kwando a ka. Mutum ɗaya ya gudu daga cikin mutanena, Bature kuma yana zuwa ƙirga kawuna. Kai ne shi."

"Ni fa ɗan liman ne!"

"Ɗan liman ba shi da kai?"

Jama'a, kun ji. Na baro gida neman cikon lissafi, ga ni an mai da ni cikon na wani. Aka ɗora mini kwandon ƙasa. Ni da hannuna bai saba da komai ba sai basilla da fata, sawu uku na yi wuyana ya ce bai san zance ba. Ba nauyin ne ya fi damuna ba. Tunani nake, in suka riƙe ni kwana biyu, shi ke nan, ni da kaina na kashe Juma'ar Baba.

Wani dogo baƙi da ke bayana ya ga ina tangaɗi. Ya kwance tsumman da ke ɗaure a ƙugunsa ya naɗa mini gammo. Sunansa Hamadu, Bazabarme ne. Muna hawa muna sauka yana ba ni labari. Daga ƙasar da Faransa ke mulka ya fito, fari da aikin tilas suka koro shi. Damina uku ke nan bai yi shuka ba, yana yawo da matarsa da 'ya'yansa mata biyu daga wannan sansani zuwa wancan. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na gaya masa a taƙaice, don ba ni da numfashin dogon zance.

Ya ce, "Garin naku akwai gona?"

Na ce, "Gona sai ka gaji. Mutane ne babu."

Ni dai ban sa abin a raina ba.

Da la'asar aka busa ƙaho, aka ajiye kwanduna. Musulmin cikinsu suka yi alwala suka jeru a wani fili. Na ƙirga sahu bakwai, kowanne ya fi namu tsawo sau uku. Na shiga na baya. Liman ya ɗaga murya ya yi kabbara, sai na kasa kunne. Muryar Baba ce sak, sai dai ta yaro. Allah ya yafe mini, sallar nan ban san abin da na karanta a cikinta ba.

Ana sallamewa na ratsa mutane na je na tsaya a kansa. Isa ya ɗago ya gan ni, jikina duk ƙasa tun daga gira har ƙafa.

"Yaya! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna."

Shi ya je ya yi wa heluman magana aka sake ni, har da ba ni haƙuri. Ya kai ni bukkarsa, matarsa ta kawo tuwon dawa da miyar kuka irin ta gida. Na bari muka ci, sannan na zayyana masa komai, da tarin Jatau, da saƙon Baba.

"Yaya, ka ga mutanen da suka bi ni salla. Da na zo nan ba mai ja musu, kowa shi kaɗai yake dungurawa. In wani ya mutu, ni ke yi masa wanka da salla. In an haihu, ni ke raɗa suna. In bar waɗannan in koma in zama na sha uku a kango?"

"Kango? Gidan ubanka ne kango?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka ce! Karatun da kake taƙama da shi a wane kangon aka ba ka shi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa masa maganganu da ba zan maimaita su a kasuwa ba. Bai rama ba. Ya ce in hanya ta kai Gusau can zai zauna, in ɗauko Baba da Inna mu zo, zai yi musu ɗaki. Na ce Baba da ƙafarsa ba zai bar masallacin nan ba, shi ma ya sani. Ya ce ya sani. Sai ya fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Amma kukan bai sa ya ce zai zo ba.

Laraba da asuba na kwance jakina hannu rabbana. Ban yi nisa ba na ji ana kira, "Ɗan liman! Ɗan liman!" Na waiga, sai ga Hamadu da tabarma a naɗe a ka, matarsa da ƙullin tukwane, 'yan matan biyu suna biye.

"Za mu ga gonar nan da ka ce."

Gaskiya zan gaya muku, ban yi murna ba. Na ce a raina, an aike ni in zo da ɗan gida, in koma da Bazabarmen da jiya na fara ganinsa? Baba zai karɓe shi? Ga shi kuma tafiya da mata da yara ba ta sauri, ni kuwa kwana biyu da rabi suka rage mini. Amma na tuna gammon da ya naɗa mini, kunya ta hana ni korarsa. Na sauke mangala na ɗora yaran a kan jaki.

Tafiyar nan ta ci raina. Ƙaramar ta yi ta amai, mu tsaya. Tukunya ta faɗi ta fashe, uwar ta tsaya tsince gutsattsarin, mu tsaya. Ni ina gaba ina kallon rana ina tsaki. Da ƙyar muka kwana Kwatarkwashi, Alhamis da la'asar muka ratsa Gusau ban ko leƙa gidan Audu ba. Muna fita gari hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a wata tunga, nan muka kwana, ruwa bai ɗauke ba sai gab da asuba.

Juma'a da hantsi muka iso bakin gulbin nan naku. Gulbin da na ƙetare iya gwiwa, ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa. Masu fito suna zaune a kan gorunan da suke ƙetarar da mutane da su, ba wanda ya shiga. Na roƙi babbansu, ya girgiza kai.

"Sai ya faɗa, Garba. Wataƙila da la'asar." Sai ya dube ni da kyau. "Af, ba ka ji ba ko? Tsoho Jatau ya rasu shekaranjiya. Allah ya jiƙansa."

Na zauna cikin taɓo. Goma ke nan a can ƙetare. Da ni sha ɗaya. Ga rana tana hawa, ga ruwa tsakanina da su, ni kuma ko a tafki ban iya iyo ba.

Hamadu ya ajiye tabarmarsa ya je bakin ruwan, ya jefa kara ya bi shi da kallo. Ya dawo ya ce da mai fiton ya ara masa gora mafi girma. Suka ce mahaukaci ne. Ya ce a bakin kogin da ya fi wannan sau goma aka haife shi. Ya tuɓe riga ya ɗaura a ka, ya ce da ni, "Rungumi goran, ka rufe ido, kada ka sake shi ko me ka ji." Muka bar matarsa da yaran da jaki wurin masu fito, sai ruwa ya faɗa su biyo mu.

Kada ku tambaye ni yadda muka ƙetare. Na sha ruwa, na yi kalmar shahada ta fi sau ashirin, wani reshe ya daki haƙarƙarina. Can ƙasa da mashigi sosai ruwan ya yar da mu. Muka tashi muka sa gudu, takalmina ɗaya ya tafi da gulbi, ni da nake ɗinka wa mutane.

Mun shiga ƙofar gari rana ta riga ta karkata. Mutum goma suna zaune a masallaci. Baba yana tsaye a bakin ƙofa da sandar huɗuba a hannu, ashe tun ɗazu ladan yake ce masa a yi azahar kawai, yana cewa a dakata. Ya dube ni, ya dubi bayana. Na ga idonsa yana neman wanda bai gani ba. Bai tambaya ba. Ya juya wurin Hamadu da ke tsaye ruwa yana ɗiga daga wandonsa.

"Bawan Allah, mi ne sunanka?"

"Hamadu."

"Hamadu, zan tambaye ka, kuma don Allah kada ka faɗi abin da ba shi ne a ranka ba don ka faranta mana. Wucewa kake, ko zama ka zo?"

Wallahi na ji kamar in amsa masa. Mutumin nan ko gonar bai gani ba. Ya waiga ya dubi kangayen da muka ratso, da dawar da ta tsiro a cikinsu. Ya daɗe, har na fid da rai.

"Malam, na gaji da tafiya. In za ku ba ni inda zan shuka, da inda za a binne ni, zama na zo."

Baba ya ce, "Shiga sahu."

Aka yi Juma'a. Baba ya yi huɗuba ya kai ta ƙarshe.

Da aka watse ya riƙe ni a zaure, mu biyu.

"Ka same shi?"

"Na same shi, Baba. Lafiyarsa lau. Shi ke ja wa masu aikin salla, sahu bakwai."

"Karatunsa bai lalace ba?"

"Bai lalace ba."

"Zai zo?"

Na sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Gonar Isa ta bakin rafi, ka nuna wa Hamadu gobe. Iyalinsa kuma in sun iso, a sauke su ɗakin Isa."

Na ce, "Baba, Inna fa?"

Ya ce, "Ni zan gaya mata."

Ban san abin da ya ce mata ba. Na dai ga da la'asar ta shiga ɗakin ita kaɗai, ta hana kowa taya ta. Ta fito da allonsa da buzunsa da tsohuwar rigarsa, ta kai ɗakinta. Ta koma ta share ɗakin tas, ta ɗora ruwan zafi saboda yaran, sannan ta zauna a bakin ƙofa tana jiran baƙin su iso.